Wa Ke Riƙe Amanar Masu Makoki?

A shekarar 1991 wata mata mai suna Alice Middleton ta sa 'yar gajeriyar sanarwa a jaridar garinsu, Hull, a gabashin Ingila. Ɗan'uwanta ne ya kashe kansa, ta duba gabas da yamma ba ta ga wurin da aka tanada domin irinta ba. Abin da sanarwar ke nema ɗaya ne: duk wanda aka yi wa irin wannan rashi, ya neme ta. Aka kuwa neme ta. Zaman farko a falon gidanta aka yi shi. Daga wannan falo aka samu ƙungiyar da Turawan Ingila ke taƙaita sunanta da SoBS, wato waɗanda suka rage bayan nasu ya kashe kansa. A yau hedikwatarta na garin Ilkeston, tana da rukunonin zama a garuruwa da dama na Birtaniya, da layin waya, kuma masu gudanar da su 'yan sa-kai ne waɗanda su ma suka binne nasu ta wannan hanya.

In ka bi asalin irin waɗannan ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya, kusan labari guda za ka riƙa tararwa. Papyrus, mai aikin kare matasa, wata uwa ce Jean Kerr daga Lancashire ta haɗa kan iyaye irinta suka kafa ta a 1997, bayan ta rasa ɗanta. A tsibirin Ayilan, Joan Freeman ta buɗe gidan Pieta a unguwar Lucan da ke gefen Dublin a 2006, bayan mutuwar 'yar'uwarta. Fiona Tuomey ta kafa HUGG a 2017, shekara guda bayan rasuwar 'yarta mai shekara 11 kacal. Har a Amurka, ranar da aka ware a watan Nuwamba domin iyalan da aka yi wa wannan rashi, Sanata Harry Reid ne ya kai ƙudurinta majalisar dattawa a 1999, shi da mahaifinsa ya kashe kansa a 1972. Babu ɗaya a cikinsu da ya tashi da burin wannan aiki tun yana ƙarami. Mutuwa ce ta shigo gida ta ɗora musu.

Wannan asali shi ne ƙarfin ƙungiyoyin. A nan kuma rauninsu yake, kamar yadda abin da ya faru a Dublin a 2016 ya nuna. Amma kafin a kai can, ya kamata a san ko su wane ne ake jagoranta.

Makokin da ba a iya zamansa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 727,000 ne suka kashe kansu a shekarar 2021, kuma kusan kashi 73 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. An daɗe ana maimaita cewa kowace irin wannan mutuwa na barin mutum shida cikin ƙunci, adadin da ake jinginawa ga masanin halayyar ɗan Adam na Amurka Edwin Shneidman. Daga baya Julie Cerel ta Jami'ar Kentucky ta yi bincike ta gano cewa waɗanda suka san mamacin, labarin ya taɓa su, sukan kai 135. Ba duka ne ke buƙatar taimako ba. Amma a cikinsu akwai uwa, akwai abokin aikin da ya yi magana da shi a daren, akwai wanda ya fara buɗe ƙofar ɗakin.

Kowace mutuwa da zafinta. Abin da ya bambanta wannan shi ne tambayar da take bari, wadda mai amsarta ya riga ya tafi. Me ya sa? Me na yi, me na ƙi yi? Da na ɗauki wayar nan da ya kira fa? Ga laifin da mutum ke ɗora wa kansa, ga fushi da mamacin wanda ba a iya faɗa, ga kunya. Maƙwabcin da zai zo gaisuwa da gudu in hatsarin mota ne, a nan sai ya tsallaka titi don bai san abin da zai ce ba.

Ingila na da tsohon tarihi a wannan kunya. Har zuwa 1823 doka ta yarda a binne wanda ya kashe kansa a mararrabar hanya, dukiyarsa kuma gwamnati na iya ƙwacewa har zuwa 1870. Sai a 1961 aka cire kashe kai daga jerin laifuka a Ingila da Wales, Jamhuriyar Ayilan kuwa sai a 1993. Yanzu ma iyali ba sa rufe ƙofa su yi kukansu su kaɗai. 'Yan sanda za su zo. Za a iya ɗauke wayar mamacin da takardar da ya bari. Sannan a jira, sau da yawa watanni, kafin alƙalin binciken musabbabin mutuwa ya zauna, zaman da yake a buɗe, ɗan jarida ma na iya shiga ya rubuta. Uwa na zaune ana karanta bayanin likita a kan gawar ɗanta a gaban baƙi.

Masu bincike sun auna abin da wannan ke yi wa mutane. Alexandra Pitman ta wata jami'ar Landan ta wallafa bincike a 2016 a kan mutum 3,432 'yan shekara 18 zuwa 40 da aka yi wa mutuwar fuju'a. Waɗanda nasu ya kashe kansa sun fi waɗanda nasu ya mutu da ciwon farat ɗaya yiwuwar yunƙurin kashe kansu da kashi 65 cikin ɗari, sun kuma fi su yiwuwar barin aiki ko karatu da kashi 80. A 2020 Sharon McDonnell ta Jami'ar Manchester, wadda ita ma ta rasa ɗan'uwanta ta wannan hanya, ta jagoranci wani binciken da mutum sama da 7,000 suka amsa. Fiye da ɗaya cikin uku sun ce su ma tunanin kashe kansu ya zo musu. Ke nan wanda ke shugabantar ƙungiyar irin waɗannan mutane ba ta'aziyya kawai yake rabawa ba. Rayuka ne a hannunsa.

Cikin ɗakin

Zaman rukuni ba shi da wani ado. Ɗaki ne na haya, a zauren coci ko cibiyar unguwa, sau ɗaya a wata ko duk mako biyu, da yamma bayan an tashi aiki. An jera kujeru a da'ira. Akwai butar shayi, akwai biskit, akwai kwalin takardar share hawaye a tsakiya. 'Yan sa-kai biyu ne sukan riga kowa zuwa, ɗaya yana kusa da ƙofa, saboda sabon zuwa yakan iso ya tsaya a waje yana shawarar juyawa. Wani sai ya zauna cikin motarsa a bakin ginin ya kasa fitowa, ya koma gida, sai wata mai zuwa ya sake gwadawa.

In an zauna sai a tuna wa juna ƙa'ida: abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya. Ba dole ne ka yi magana ba. Ba a katse mutum, ba a ce masa ga yadda ya kamata ya ji. Kowa ya faɗi sunansa da sunan wanda ya rasa. Ga mutane da yawa wannan ne karo na farko cikin watanni da suka ambaci sunan da ƙarfi ba tare da fuskar mai sauraro ta canja ba.

Jiki magayi. Abin da ke sa mahaifin da ya ƙi zuwa wurin likita ya yarda ya zauna a wannan da'ira shi ne sanin cewa matar da ke jan zaman ta bi ta hanyar, ga ta kuma a raye, ta yi wanka ta sa kaya ta zo. Ba ta buƙatar ce masa zai wuce. Ganinta ma ya isa. Wannan abu ne da kuɗi ba sa saye, digiri kuma ba ya bayarwa, shi ya sa nake ganin duk tsarin da zai ture masu ciwon gefe ya cika wurin da ƙwararru zalla ya yi asarar abin da ake zuwa nema.

To amma dubi nauyin da ke kan wannan mata. Duk labarin da aka ba da a ɗakin yana sosa nata mikin. Ita ce za ta lura da wanda ya cinye lokacin kowa, ta dakatar da shi ba tare da ta ƙara masa ciwo ba. Ita ce za ta tare wanda ya fara bayyana dalla-dalla yadda nasa ya yi, domin irin wannan bayani na iya zama haɗari ga wani da ke zaune shiru a gefe. In kuma wani ya furta abin da ke nuna shi ma yana kan gaɓa, dole ta san wa za ta kira a wannan daren, ta kuma san cewa a nan alƙawarin sirri ya ƙare. Saboda haka ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi ba sa miƙa rukuni ga wanda rashinsa ke ɗanye. Sai shekaru sun ɗan wuce, an horar da shi, an haɗa shi da abokin aiki, akwai kuma wanda zai kira bayan taro ya sauke abin da ya ɗauka.

Mafi yawan shugabanci a wannan fage ke nan, kuma ba ya fitowa a talabijin. Wa ya tantance ɗan sa-kai? Wa ke da ƙarfin zuciyar ce wa uwa mai kuka, mai son taimakawa da gaske, ba yanzu ba, ki bari sai baɗi? Wa ke gane cewa wane ya gaji, ya ce masa ya huta wata shida? Rukuni ɗaya a falo, zuciya ta isa ta riƙe shi. Rukuni hamsin a garuruwa hamsin, sai da takarda, da inshora, da mai lissafi.

Abin da ya faru da Console

A Ayilan, tsawon shekara goma sha huɗu, in aka ce iyalin da nasu ya kashe kansa, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Console. Paul Kelly ya kafa ta a 2002 bayan mutuwar ƙanwarsa. Ta yi cibiyoyi a Dublin da Cork da Galway da Limerick da wasu garuruwa, da layin waya dare da rana, da masu ba da shawara waɗanda suka yi wa dubban mutane aiki na gaskiya. Hukumar lafiya ta ƙasar na ba ta kuɗi. Jama'a na yin tseren tara kuɗi dominta, ana yin gasar wasanni da sunan yaran da suka mutu a kai mata abin da aka samu. A 2014 aka ba Kelly lambar yabo ta gwarazan shekara.

A watan Yunin 2016 sashen binciken ƙwaƙwaf na gidan talabijin na ƙasar, RTÉ, ya fitar da rahoto, sannan sakamakon binciken kuɗi na hukumar lafiya ya fito fili. Tsakanin 2012 da 2014, Kelly da wasu na kusa da shi a cikin iyalinsa sun karɓi kusan Yuro 500,000 na albashi da motoci, an kuma kashe kusan wasu 500,000 da katunan bankin ƙungiyar a kan tafiye-tafiye ƙasashen waje, da tufafi masu tsada, da cefane. An gano cewa lissafin kuɗin da ake miƙa wa masu ba da tallafi ba iri ɗaya ba ne, ana gyara shi gwargwadon wanda za a kai wa. An kuma samu sunayen mutane a jerin daraktoci waɗanda suka ce ba su ma san an sa su ba. Kelly ya sauka. Aka kawo David Hall ya riƙe na wucin gadi, ya tarar da bashi, har da haƙƙin masu ba da shawara da ba a biya ba. A watan Yuli babbar kotu ta ba da umarnin rushe ƙungiyar. Kelly ya rasu a watan Fabrairun 2020, kotu ba ta kai ga yanke hukunci a kansa ba.

Kuɗin ba su ne suka fi ci mini rai a wannan labari ba, sai inda suka fito. Ka yi tunanin uwar da ta tsaya a bakin kanti da bokiti, hoton ɗanta a jikin rigarta, tana karɓar kwabbai saboda kada wata uwar ta shiga abin da ta shiga. Wannan tara kuɗi shi ne abin da ke fitar da ita daga gado. Sai ta kunna talabijin ta ji inda kwabban suka tafi. An yi mata rashi na biyu, kuma wannan karon wanda ta amince wa ne ya yi.

Yaya aka yi shekaru ba wanda ya tsayar da abin? Wani ɓangare na amsar a fili yake. Mutum ɗaya ne ya kafa, shi ne shugaba, shi ne fuskar ƙungiya, danginsa ne a kwamitin da ya kamata ya sa masa ido. Kwamitin amintattu kuwa an yi shi ne domin a samu wanda zai ce "kawo rasit," wanda albashinsa da zumuncinsa ba sa hannun shugaba. Ɗaya ɓangaren ya fi wuyar faɗa. Wa zai dubi mutumin da ya binne ƙanwarsa, wanda ya sadaukar da rayuwarsa ga masu makoki, ya tambaye shi kuɗin jirgi? Ciwon da ya buɗe masa ƙofofi shi ne ya zama garkuwarsa. Tausayi ya rufe bakin da ya kamata ya yi tambaya.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji a Ayilan sai a 2014 aka kafa ta, kuma lokacin da asirin Console ya tonu ba a riga an sakar mata ikon bincike da doka ta tanada ba. Sai a watan Satumban 2016 aka yi hakan, bayan ɓarna ta auku. Hukumar lafiya ma ta daɗe tana zuba kuɗi kafin ta natsu ta duba littattafan.

Abu ɗaya da aka yi daidai shi ne ba a bar masu zuwa neman taimako a titi ba. Aka miƙa layin wayar da aikin ba da shawara ga Pieta, wadda har lokacin ta fi mayar da hankali kan masu tunanin kashe kansu. Ta haka Pieta ta zama babbar mai kula da iyalan mamata a ƙasar. Ita ma da kuɗin jama'a take rayuwa. Kowace shekara a watan Mayu, wajen ƙarfe huɗu na asuba, mutane sanye da riguna ruwan ɗorawa sukan taru cikin duhu su taka kilomita biyar har gari ya waye. An fara a 2009 a filin shaƙatawa na Phoenix da ke Dublin da mutum kusan 400, yanzu ana yi a garuruwa ɗaruruwa, har a ƙasashen waje. Da yawa na riƙe da hoton wani. Amanar da ta ruguje a Console irinta ce ake ɗauka a wannan tattaki duk shekara. Joan Freeman, abin lura, ba ta dawwama a kujerar ba. Ta sauka daga shugabancin gudanarwa ta bar wa wasu, daga baya ta shiga majalisar dattawa a 2016.

Mai iya sakin abin da ya haifa

Tun kafin waɗannan duka akwai Chad Varah, limamin cocin Ingila. Jana'izar farko da ya jagoranta a 1935, a Lincoln, ta wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 14 ba. Ta fara ganin jinin al'ada, ba wanda ya taɓa yi mata bayani, ta ɗauka mugun ciwo ne ya kama ta, ta kashe kanta. Abin bai bar shi ba. A watan Nuwamban 1953 ya sa waya a cocinsa da ke tsakiyar Landan domin duk wanda duniya ta yi wa ƙunci ya kira. Mutane suka yi ta zuwa, har ya nemi masu taimako da za su riƙa ba su shayi suna zama da su kafin layi ya zo kansu. Sai ya lura da wani abu: da yawa in sun gama hira da mai shayin sai su tafi, ba su ma jira ganinsa ba. Sun samu abin da suka zo nema. Wani shugaban zai ji an rage masa daraja. Varah kuwa, cikin 'yan watanni, a farkon 1954, ya miƙa aikin sauraron ga 'yan sa-kai. Haka Samaritans ta samu siffarta, yau tana da rassa kusan 200 da 'yan sa-kai sama da 20,000 a Birtaniya da Ayilan.

Ko shi sakin bai zo masa da sauƙi har ƙarshe ba. A 2004, shekara uku kafin rasuwarsa, ya raba gari da ƙungiyar yana ganin ta kauce daga abin da ya kafa. Ban ga laifinsa ba, ban kuma ga nasu ba. Ga wanda ya kafa, ƙungiya ba ma'aikata ba ce. Sau da yawa ita ce abin da ya rage masa na mamacin, wani lokaci ma sunan yaron ne a kan allon ƙofa. Ce masa ya sauka kamar ce masa ne ya sake binnewa. Duk da haka ƙungiyar da ba za ta iya kwana ɗaya ba tare da mai ita ba, ranar da ya kwanta ciwo ko ya yi kuskure, masu makokin ne za su biya.

Girma na zuwa da nasa ciwon kai. A 2019 hukumar lafiya ta Ingila ta yi alƙawarin samar da hidimar tallafa wa irin waɗannan iyalai a kowane yanki na ƙasar, aka fara ba ƙungiyoyi kwangila. Alheri ne, amma kuɗin gwamnati da sharuɗɗa suke zuwa: mutum nawa kuka gani, zama nawa kowa ya yi, yaushe aka sallame shi. Makoki kuwa bai san wa'adin kwangila ba. Wata sai bayan shekara goma take iya buɗe baki. Shugaban kirki a nan shi ne mai iya cika fom ɗin ya karɓo kuɗin, ya kuma hana fom ɗin ya zama shi ke juya ɗakin.

Tambayar wa zai fara neman wani ma ta shugabanci ce. Frank Campbell, wanda ya shugabanci cibiyar agajin gaggawa a Baton Rouge ta jihar Louisiana, ya lura cewa iyalai sukan ɗauki kimanin shekara huɗu da rabi kafin su zo neman taimako. A ƙarshen shekarun 1990 sai ya juya tsarin: ya kafa tawaga, cikinta har da waɗanda aka taɓa yi wa rashin, da ke zuwa gidan tun ranar da abin ya faru, da haɗin kan ofishin binciken mutuwa. Ba wa'azi suke kaiwa ba. Suna zama, su bar lambar waya. Jiran shekaru ya koma na makonni. Ostareliya ta bi irin wannan hanya da shirin StandBy tun 2002.

Akwai kuma masu jagoranci da ƙafa. Andy Airey da Mike Palmer da Tim Owen, iyaye maza uku da kowannensu ya rasa 'yarsa, sun taka mil 300 tsakanin gidajensu a 2021 suna tara wa Papyrus kuɗi, a 2022 suka taka mil 600 tsakanin majalisun Birtaniya huɗu suna neman a riƙa koyar da kariya daga kashe kai a makarantu. Majalisa ta tattauna buƙatar a 2023, gwamnati ta sa ta cikin jagorar manhajar makarantun sakandaren Ingila a 2025. Abin da ya burge ni game da su shi ne ba su kafa sabuwar gidauniya da sunayen 'ya'yansu ba. Sun ɗauki ciwonsu da farin jininsu sun kai wa ƙungiyar da ta riga ta yi ma'aji da mai binciken kuɗi.

A ƙofar gidanmu

Mu ba mu rasa tsarin makoki ba. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta su ɗora tukunya, a yi ta shigowa ana "ya haƙuri," ana addu'a, kwana uku, wasu har bakwai. Abin da Alice Middleton ta nema ta hanyar jarida, mu a kyauta muke samunsa. Sai dai in irin wannan mutuwar ce. Ko suna guda ba mu da shi gare ta a Hausa: "kisan kai" wani ne ya kashe wani, wannan kuwa sai an yi jimla, a ce ya kashe kansa, kuma jimlar ce ba a son furtawa. Sai gaisuwa ta gajarta, murya ta yi ƙasa, a fita waje a ƙarasa zancen. Wasu su ce asiri ne, wasu su ce aljanu, wasu su fara lissafin laifin matarsa ko na iyayensa.

Musulunci ya haramta kashe kai, haramci mai tsanani, ba mai jayayya a kan haka. Amma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa wanda ya yi hakan bai fita daga Musulunci ba: a yi masa wanka, a yi masa sutura, a sallace shi, a kai shi maƙabartar Musulmi, ko da wani babban malami ya janye don jan kunnen masu rai. Iyalinsa kuwa ba su yi laifin komai ba, haƙƙinsu na ta'aziyya na nan cikakke. Limamin da ya faɗi wannan a fili a ƙofar gidan, ya zauna ya daɗe kamar yadda yake yi a sauran gidaje, ya yi wa iyalin abin da wata ƙungiya za ta shekara ba ta yi ba.

Doka ma na ƙara wa shirun nauyi. Sashe na 231 na finalkod da ake aiki da shi a Arewacin Najeriya, da sashe na 327 na kundin laifuka na Kudu, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira. Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023. Gidan da ya san ɗan sanda na iya shigowa cikin maganar ba zai kai ɗansa asibiti ya faɗi gaskiya ba, balle bayan mutuwa ya zauna cikin da'ira ya ambaci sunansa.

Bayan an naɗe tabarmi maza sun koma kasuwa, matar mamacin na ɗaki cikin takaba, wata huɗu da kwana goma. Mata na shigowa jefi-jefi. Akan samu baƙuwar da ba ta ji labari ba, ta zauna ta yi gaisuwa, sannan ta tambaya cikin tausayi ko ya daɗe yana jinya. Ɗakin ya yi tsit. Sai wata daga cikin dangi ta yi sauri ta ce zazzaɓi ne na kwana biyu.